Saran maciji a ƙauyen da mota ba ta shiga: a gyara zancen hanya tun kafin kaka

Assalamu alaikum manoma da makiyaya, musamman mutanenmu na Kaltungo da Billiri da Balanga da Shongom, har da maƙwabtanmu na Karim Lamido da Alkaleri. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauye, kuma lokuta biyu ne hankalinmu ba ya kwanciya a shekara, farkon damina da ake sharar gona da shuka, sai kuma kaka in an fara yankan dawa da cirar gyaɗa, domin a nan ne igiyar ƙasa ta fi taɓa mutane.

Wadda ta fi yi mana ɓarna a wannan yankin ita ce kububuwa, wadda ake ce wa gobe da nisa, 'yar ƙarama ce kuma kalarta ta saje da ƙasa da busasshen ganye, sai ka taka ta ko ka sa hannu ƙarƙashin dami kafin ka ankara. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Toh matsalar ita ce mutum zai iya tashi ya taka da ƙafarsa ya dawo gida, ya ci tuwo, wurin ya ɗan kumbura kawai, kowa ya ce ai da sauƙi, alhali aiki na can yana gudana a ciki, sai washegari ko jibi a ga dasashi na zubar da jini, fitsari ya yi ja, tsohon ciwon da ya warke ya ɓalle, wani ma jinin a cikin kai yake zuba. A asibiti akwai gwajin da ake yi, a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga jiki ko da mutumin yana zaune yana hira. Wannan ba abin da za a gane da ido a zaure ba ne.

Maganinsa na gaskiya allurar kashe dafi ce, irin su EchiTAb da aka haɗa musamman domin macizan Najeriya, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Sanannun wuraren su ne asibitin saran maciji na Kaltungo, sai na Zamko a Langtang ta jihar Filato, da Bambur a Taraba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma a ƙiyasinta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya, akasarinsu irin mu ne, mutanen karkara masu shiga gona ba takalmi.

Amma wallahi abin da ya fi ci min rai ba macijin ba ne, jinkirin ne. A sari mutum da la'asar, a ce bari a kira mai magani, a tsattsaga wurin da reza, a ɗaure ƙafar tamau da robar taya, a manna baƙin dutse, a ba shi jiƙo ya yi ta amai, dare ya yi, ruwa ya sauko, rafi ya kawo, mai mashin ɗaya tilo da ke garin ba mai a tankinsa, maigida kuma ya ce sai ranar kasuwa ta zagayo a sayar da akuya. Kafin a iso wurinmu an kwana biyu. Na san za a ce ai wane mai magani ne ya warkar da shi, eh, ba ƙarya ba ne ya tashi, amma ku sani ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba komai ba, irin waɗannan ko ruwan randa aka ba su za su warke. Wanda dafin kububuwa ya shige shi sosai kuwa tsagar nan ƙofa ce aka buɗe wa jinin da dama ba ya tsayawa, ɗaurin kuma kashe ƙafar yake yi har ta kai ga yankewa.

Abin yi ba shi da yawa. A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da warwaro da duk abin da zai matse in kumburi ya zo, a samu sanda ko kara mai ƙwari a ɗora gaɓar a kai a naɗe da zani sako-sako yadda ba za ta riƙa motsi ba, kar ya yi gudu, in da hali ma kar ya taka. Kar a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac na kemis, suna ƙara zubar jini, farasitamol ya isa. Kar a ɓata lokaci wajen farautar macijin, an sha samun mutum na biyu ta haka. In kumurci ne ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take sannan a tafi. A kan mashin mutum uku ake so, direba, mara lafiya a tsakiya, wani a baya yana riƙe da shi, domin jiri na iya ɗibarsa a hanya.

Yanzu zancen hanya da dukiya, wanda shi ne dalilin rubutun nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai unguwa da liman da shugaban matasa, dan Allah ku zauna tun yanzu ku tsayar da masu mashin biyu ko uku da kowa ya san lambarsu, a ajiye galan ɗin fetur a gida ɗaya wanda ba a taɓawa sai don mara lafiya, ba na zuwa biki ba, ba na kai amarya ba. A san wace hanya ake bi in rafi ya cika, ko da zagaye ne, kuma a san mai kwalekwalen da za a iya tasa cikin dare. A san tudun da ake samun sabis, kuma a karɓi lambar ma'aikacin asibitin da ke kusa a kira tun kafin a tashi a tambaya ko akwai allurar, in babu a wuce kai tsaye inda take, kar a yi ta yawo daga wannan kemis zuwa wancan.

Kuɗi kuma, wani lokaci gwamnati na kawo allurar kyauta, wani lokaci ta ƙare sai an saya, kuma tana da tsada, ga wani sai an yi masa fiye da kwalba ɗaya. Wanda ya tashi sayar da sa cikin gaggawa dillalai sun san halin da yake ciki, rabin kuɗi za su taya, wani har gonar gado yake jinginarwa ya warke ya dawo yana ƙwadago a gonarsa. Da kaka in kowane gida ya ba da kwano biyu ko uku na hatsi aka haɗa aka sayar aka ajiye a hannun amintattu biyu, a rubuta a littafi, wanda abin ya samu a ranta masa ya biya bayan girbi, wannan asusun har mai naƙuda zai yi wa rana.

A gida ma akwai gyara. Ɓera ke jawo maciji, hatsi ke jawo ɓera, saboda haka buhunan masara a ɗakin kwana ba dabara ba ce duk da na san tsoron ɓarayi ne ke sa haka, gara a gyara rumbu a ɗan nesanta shi da ɗaki, haka akurkin kaji da tarin itace. A kwana cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Fita ban ɗaki da dare a riƙe tocila. Takalmin roba mai tsawo na da zafi, na yarda, amma yawancin saran a ƙafa ne daga gwiwa zuwa ƙasa. Dami da ya kwana a gona a fara juya shi da sanda. Yara masu tonon ramin gafiya kuma iyaye ku tsawata musu.

Wanda aka sallamo daga asibiti, in ya ga jini ya dawo a dasashi ko fitsari cikin kwanakin da suka biyo baya, ko ciwon kai mai tsanani, ya koma a ranar, kar ya jira ranar da aka rubuta masa a kati.