Dattin dalma a bututun ƙaramar bindiga mai harsashin .22

Dattin dalma shi ne ɗan abin da kan harsashi yake bari a jikin bututun bindiga ta ciki duk sanda ya wuce, yau kaɗan gobe kaɗan har ya fara cike tsagin nan da yake murɗa harsashi ya tafi a miƙe. An fi maganarsa a ƙananan bindigogi masu cin harsashin rimfaya, wato wanda sinadarin kunna wutarsa yake zagaye a gefen gindin kwanso, shi ya sa allurar bindigar gefe take duka ba tsakiya ba.

Irin wannan harsashi tsoho ne sosai. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ya fara fito da shi a 1845, kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya kawo .22 Short a 1857, sai kuma .22 Long Rifle da kamfanin Stevens ya fitar a 1887, wanda shi ne har yau ake harbawa a gasar fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, ta mita 25 a wasannin Olamfik. Kaurinsa wajen milimita 5.6 ne, nauyin kan kuma giram 2.6 ko kusa da haka. A Najeriya dai dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, toh masu fama da wannan datti a Abuja ko Jos yawanci masu kula da ma'ajiyar makamai ne da 'yan wasan harbi, ba kowa da kowa ba.

Me yake kawo shi

Harsashin manyan bindigogi yana da riga ta jan ƙarfe, shi kuwa na .22 dalma ce tsirara, mai laushin da farce ma yana iya yi mata zane, an dai ɗan gauraya ta da wani ƙarfe don ta yi ƙwari sannan aka shafe ta da kaki ta waje. Wannan kakin shi ne komai. Shi yake shiga tsakanin dalma da ƙarfen bututu, in babu shi sai ta dinga gogewa tana mannewa kaman yadda tuwo yake kama gindin tukunya. Mutane da yawa suna ɗauka dalmar narkewa take yi, ai dalma sai zafi ya kai digiri 327 take narkewa kuma harsashin bai daɗe a ciki ba balle ya narke gaba ɗaya, galibi kankara ce da guga. Ga shi da zarar ta samu wurin kamawa shikenan, dalma tana son 'yar'uwarta, kowane harsashi ya zo sai ya ƙara nasa a kai.

Wurin da ta fi taruwa shi ne daidai gaban ɗakin harsashi, wato gurbin da harsashi yake zama kafin a harba, inda tsagin yake farawa. A nan toka da kaki da dalma suke haɗuwa su yi wani zobe mai tauri, musamman in an saba harba .22 Short a ɗakin da aka yi don Long Rifle, tunda kwanson ya fi gajarta sai dattin ya zauna a ragowar wurin. Bututu mai kaushi ko wanda tsatsa ta taɓa ci shi ma kankare dalma yake. Akwai kuma wata ɓarnar da masu bindiga suke yi da hannunsu, jan kunama ba harsashi a ciki, a bindigogin rimfaya da yawa allurar tana sarar bakin ɗakin ta tayar da ɗan ƙarfe, daga nan duk harsashin da ya shiga sai an fere shi.

Yanayi ma yana da hannu. Harsashin da aka bari a mota cikin zafin Maris na Abuja kakinsa narkewa yake ya zube, wanda aka zuba a aljihu lokacin hunturu kuma ƙura ce take manne masa, ya koma kaman an barbaɗa masa yashi. Sanyin Disamba na Jos kuwa daskarar da kakin yake har bindiga mai loda kanta ta fara nawa.

Yadda ake ganewa

Takardar da ake harbi ita take fara tona asiri. Ramukan da suke haɗuwa wuri ɗaya sai su fara warwatsewa, in abin ya yi nisa ka ga rami dogo maimakon zagayayye don harsashin a karkace ya shiga. Kwanso ya dinga maƙalewa. In aka cire harsashi, aka tabbatar ɗakin ba komai, aka haska tocila ta baya, za a ga layi-layi masu launin toka marasa sheƙi, tsagin kuma ya yi kaman an shafe shi.

Cirewa

Aikin haƙuri ne wallahi. Ana jiƙa ɗan tsumma da man wanke bututu, irin su Hoppe's No. 9, a tura shi a bar shi ya jiƙa na wasu mintoci ko ma ya kwana. Man ba narkar da dalma yake ba fa, shiga ƙarƙashinta yake ya sassauta ta, buroshin tagulla ne yake ɗaga ta. Ta baya ake turawa in bindigar ta ba da dama, a bar buroshi ya fita gaba ɗaya kafin a jawo shi, kar a juya shi a tsakiya. Sai a bi da farin tsumma, za ka ga 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli kaman ɓawon kifi sun fito, a yi ta maimaitawa har su daina.

In ta yi taurin kai wasu suna naɗa zaren soson jan ƙarfe a jikin tsohon buroshi, kuma yana aiki sosai, amma a gwada soson da maganaɗisu tukuna, in ya kama to ƙarfe ne aka yi wa fenti, zai karce bututu. Akwai tsumman cire dalma da ake sayarwa, shi kuma yana goge baƙin launin jikin bindiga in ya taɓa. Haɗin ruwan tsami da sinadarin wanke ciwo (hydrogen peroxide) da ake yayatawa a intanet a bar shi kawai, yana cin ƙarfe kuma ruwan da yake bari guba ce tsantsa.

A ganina sandar wanki ta fi harsashi lalata bututun .22. Ƙarfen ba mai tauri can ba ne, sanda mai gaɓa-gaɓa tana goga bakin bututu, in bakin nan ya ci ko kaɗan saiti ya tafi ke nan.

Rigakafi

A samu harsashin da bindigar take so a tsaya a kansa, mai matsakaicin gudu wajen mita 330 a daƙiƙa ya fi mai tsananin gudu sauƙin datti, a ajiye shi a kwalinsa wuri mai sanyi. A riƙa share ɗakin harsashi akai-akai, bututun kuwa ba sai kullum an darje shi ba. Bayan wanki mai zurfi ma sai an harba kaman goma zuwa ashirin kafin kaki ya sake shimfiɗuwa saiti ya dawo. Da damina a shafa mai kaɗan saboda tsatsa, a goge kafin harbi.

Ita kanta dalmar ba baƙuwa ba ce a Filato, ana haƙo ta a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase, kuma duk wanda ya tuna abin da gubarta ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba zai yi wankin bindiga a tabarmar da ake cin abinci ba. Safar hannu, taga a buɗe, tsumman da aka gama da shi a ƙulle a leda nesa da yara, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ko goro.