Dokar Da Ta Mayar Da Martin Sellner Gida Daga Filin Jirgin Luton

Ranar Juma'a 9 ga Maris 2018, Martin Sellner ya sauka a filin jirgin saman Luton da ke arewa da Landan, tare da budurwarsa Brittany Pettibone, Ba'amurkiya. Shi ɗan Ostiriya ne, jigo a wata ƙungiyar matasan Turai masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi, waɗanda ke yaɗa cewa baƙin haure, musamman Musulmi, sun zo ne su maye gurbin Turawa a ƙasashensu, don haka a kwashe su a mayar da su inda suka fito. Niyyarsa ya yi jawabi a dandalin Hyde Park, a kusurwar nan da aka sani kowa na iya tsayawa ya faɗi abin da ke ransa. Bai kai can ba. Jami'an kan iyaka suka tare su, aka tsare su kwana biyu, ranar Lahadi aka sa su a jirgi.

Ba a kai su kotu ba, ba a tuhume su da laifin komai ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin mun saba jin cewa a Ingila ba a tsare mutum sai da tuhuma. Haka ne a shari'ar laifi, amma dokar shige da fice hanyarta daban.

Tushen maganar yana cikin Dokar Shige da Fice ta 1971. Ta raba mutane gida biyu: mai haƙƙin zama, wato ɗan ƙasa da wasu kaɗan masu matsayi irin nasa, sai kuma kowa da kowa, wanda shigarsa da zamansa da izini ne. Izini kuwa ana iya hana shi, ana iya janye shi. Ma'aunin da ake amfani da shi gajere ne ƙwarai: idan hukuma ta ga kasancewar mutum a ƙasar bai dace da maslahar jama'a ba. Tsaron ƙasa yana cikin wannan maslahar, amma ta fi shi faɗi. Ba sai mutum ya taɓa zaman gidan yari ba. Halinsa, maganganunsa da irin mutanen da yake hulɗa da su sun isa. Kuma ba a neman hujja mai ƙarfi irin wadda alƙali ke nema kafin ya ɗaure mutum. Ya isa a nuna abin da ake faɗa a kansa ya fi kusa da gaskiya.

Jaridu kan ce "an kore shi" a kowane hali, alhali matakan ba ɗaya ba ne. Abin da ya sami Sellner a Luton hana shiga ne: a idon doka bai ma shiga Birtaniya ba, ko da ƙafarsa na kan ƙasarta, don haka mayar da shi kawai aka yi. Kora ta ainihi ana yi wa wanda ya riga ya zauna ne a ciki. Ana sa hannu a takardar umarni, ta soke duk izinin da yake da shi, kuma ba ya dawowa muddin ba a janye ta ba. Dokar 2007 ta ƙara da cewa baƙon da kotu ta ɗaure wata 12 ko fiye korarsa wajibi ce, sai in akwai dalilin togiya kamar haƙƙin ɗan Adam. Akwai kuma haramcin da Sakataren Harkokin Cikin Gida ke yi da kansa, tun mutum yana ƙasarsa bai ko sayi tikiti ba.

Wace irin magana ce ke jawo wannan? Bayan hare-haren bam na 7 ga Yuli 2005 da suka kashe mutum 52 a Landan, Sakataren Cikin Gida na lokacin, Charles Clarke, ya fitar da jerin halayen da gwamnati ba za ta lamunta ba, a watan Agusta na shekarar. A ciki akwai zuga ta'addanci, ko halatta shi, ko yabonsa, da zuga manyan laifuka, da kuma hura wutar ƙiyayyar da za ta iya haddasa rikici tsakanin al'ummomin Birtaniya. Ko a rubuce aka yi, ko a wa'azi, ko a shafin intanet, duk ɗaya ne, kuma ko a wajen ƙasar aka yi ana lissafawa. Masu wa'azin ta'addanci aka yi jerin dominsu, amma wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta riƙa kama masu ƙin Musulunci. A 2011 an haramta wa Terry Jones shiga, faston nan na Florida da ya yi shelar ƙona Alƙur'ani. A 2013 aka hana Pamela Geller da Robert Spencer, Amurkawa biyu da aka shirya za su yi jawabi a gangamin masu ƙin Musulmi a unguwar Woolwich ta Landan.

Tsarewar kanta ikon jami'i ce, ba ta alƙali ba. Doka ta ba jami'in shige da fice damar riƙe mutum yayin da ake bincikensa ko ake shirin fitar da shi. Kwana biyun Sellner ba komai ba ne idan aka kwatanta da abin da talakan baƙo ke gani, domin Birtaniya ba ta ƙayyade iyakar kwanakin irin wannan tsarewa ba. Abin da ake dogara da shi ƙa'ida ce da kotu ta kafa a 1983 a shari'ar Hardial Singh: a tsare mutum don fitar da shi kaɗai, na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka, in kuwa ta bayyana fitarwar ba za ta yiwu ba a sake shi. Akwai waɗanda suka shafe watanni, wasu fiye da shekara, a ƙarƙashin wannan "hankali zai ɗauka". Wannan giɓi ya fi damuna fiye da duk abin da ya sami Sellner.

Kwana ɗaya bayan an mayar da su, aka tare abokiyar ra'ayinsu Lauren Southern, 'yar Kanada, a shingen Birtaniya da ke kusa da Calais a Faransa. Ita a watan da ya gabata ta raba takardun ɓatanci ga Allah a garin Luton, inda Musulmi ke da yawa. An yi mata tambayoyi a ƙarƙashin Jadawali na 7 na Dokar Ta'addanci ta 2000, wanda ya ba 'yan sanda damar tsayar da matafiyi a tasha har awa 6 ba tare da suna zarginsa da komai ba, kuma ƙin amsa tambaya laifi ne. Daga nan aka hana ta shiga.

Duk wannan iko a kan baƙo yake. Mako guda bayan haka Tommy Robinson, wanda ra'ayinsa bai fi na Sellner sauƙi ba, ya tsaya a Hyde Park ya karanta jawabin da aka hana mai shi yi. Ba yadda za a kore shi, don ɗan ƙasa ne. In ya karya doka kotu ce tasa. Mu ma mun san wannan iyaka a gida. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta tsallakar da shi Chadi bisa cewa ba ɗan Najeriya ba ne, kotu ta ce an yi ba daidai ba, ya dawo gida.

Kotun Birtaniya ma ta taɓa taka wa minista birki. A Fabrairun 2009 an mayar da Geert Wilders, ɗan majalisar Holand, daga filin jirgin Heathrow. Ya ɗaukaka ƙara, a watan Oktoba kotun shige da fice ta soke haramcin. Abin da ya taimake shi shi ne kasancewarsa ɗan Tarayyar Turai, wanda a lokacin ba a hana shi shiga sai an nuna barazana ta gaske, mai tsanani, wadda take nan yanzu. Sellner ma yana da wannan kariya a 2018. Tun ƙarshen 2020 da Birtaniya ta kammala ficewa daga tsarin Tarayyar, Bature mai zuwa ziyara ya koma ƙarƙashin ma'auni ɗaya da ɗan Kano ko ɗan Zinder.

Ni dai ina ganin an yi daidai da aka mayar da Sellner. Mutumin da sana'arsa ita ce nuna maƙwabta Musulmi a matsayin annoba ba shi da bashin dandali a ƙasar da ba tasa ba. Sai dai mai karatu ya sani wuƙar nan baki biyu gare ta. Da ita aka hana Shaihu Yusuf al-Ƙardawi biza a 2008. Da ita Theresa May, Sakatariyar Cikin Gida ta lokacin, ta haramta wa Dakta Zakir Naik shiga a Yunin 2010, ana saura kwanaki ya fara laccoci, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayanta a 2011. Wanda ya ji daɗin wancan hukunci ya ji zafin wannan, ya tuna jimla ɗaya ce ta haifi duka biyun, kuma hannun minista ɗaya ne ke riƙe da ita.

Idan gwamnati ta ce hujjarta ta sirri ce, shari'ar na komawa wata kotu ta musamman da ake kira SIAC. An kafa ta da dokar 1997, bayan Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 1996 kan Karamjit Singh Chahal, ɗan Sikh da aka tsare fiye da shekara 6 ana son mayar da shi Indiya. Kotun ta ce ba a tura mutum inda za a azabtar da shi, komai barazanar da ake cewa yake yi, kuma dole wani mai zaman kansa ya duba hujjar tsaro. A SIAC ana naɗa wa mutum lauya na musamman wanda zai ga bayanan sirrin, amma da zarar ya gani ba zai sake tattaunawa da wanda yake karewa a kansu ba sai da izini. Mutum na iya faɗuwa shari'a bai taɓa jin cikakken abin da aka ce ya yi ba.

Maganar Sellner ba ta ƙare a Luton ba. Bayan harin masallatai biyu na Christchurch a New Zealand ranar 15 ga Maris 2019, inda aka kashe masallata 51, ta fito cewa maharin ya taɓa aika masa gudummawar Yuro 1,500 a farkon 2018. Sellner ya ce ba shi da hannu a harin, kuma ba a gurfanar da shi a kansa ba. A watan Yunin 2019 ya bayyana cewa Ma'aikatar Cikin Gida ta aiko masa da takardar haramta masa shiga Birtaniya gaba ɗaya.