Tiyon Numfashin Inji da Baƙin Mai: Me Doka Ta Ce Wa Masu A-kori-kura Mai Gas?

Idan ka leƙa ƙarƙashin wasu motocin a-kori-kura masu shan gas, wato dizal, da ke lodin albasa ko buhunan gero a Sakkwato, za ka ga wani ɗan tiyo yana reto a gefen inji, yana fitar da tururi mai warin ƙonannen mai, ƙasan wurin kuma ya yi baƙi da ɗigo. A yawancin motocin zamani irin su Hilux da L200 ba haka kamfani ya bar shi ba. Bakanike ne ya zare shi daga mazauninsa ya karkatar da shi ƙasa, mai mota kuma ya yarda saboda an ce masa inji zai fi shan iska. To, doka ta yarda da haka?

Kafin a je ga doka, ya kamata a san daga ina tururin yake fitowa. Ringin da ke jikin fistin ba ya toshe silinda ɗari bisa ɗari, ko da inji sabo ne fil. Duk lokacin da gas ya kama da wuta, wani ɗan kaso na iskar mai zafi yana zurarewa ta gefen ringi ya gangara inda baƙin mai yake kwance. Injin gas kuwa matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba. Iskar nan tana kwaso ƙananan ɗigon mai da toka da danshi, kuma dole a ba ta hanyar fita, in ba haka ba ta tura robobin da ke tare mai, inji ya fara yoyo ta gaba da baya. Tsofaffin injuna a titi suke zubar da ita. Amurka ta fara rufe wannan hanya a motocin fetur tun farkon shekarun 1960, sannan daga 2007 ta daina ɗaga ƙafa ga manyan injunan gas masu turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. A tsarin da aka rufe, tururin yana bi ta wani ɗan matacin mai a murfin saman inji, man ya koma ciki, ragowar iskar ta shiga bututun shan iska kafin turbo, inji ya sake ƙona ta.

Ƙorafin bakanikai yana da tushe, kada a raina shi. Matacin ba ya tare mai duka. Abin da ya tsere yana shafe cikin tiyo, ya taru a na'urar sanyaya iskar turbo, idan kuma ya haɗu da tokar hayaƙin da bawul ɗin EGR ke mayarwa cikin inji, sai ya daskare kamar kwalta. Wanda ya taɓa ganin an kwance bututun shan iskar tsohuwar Hilux ya ga yadda ake kankare baƙin da sukudireba, ramin da ya kamata yatsu uku su shiga ya koma da ƙyar biyu. Shi ya sa za ka ji bakanike yana cewa, "Alhaji, mu cire wanga tiyo mu huta."

Doka ta farko da direba zai ci karo da ita a hanya ita ce ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, wadda ke aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na 2012. A jadawalin laifuffukan da ta daɗe tana amfani da shi akwai fitar da hayaƙi fiye da kima, tarar naira 5,000 da maki 5 a kan lasisin direba. Akwai kuma laifin tuƙa mota mai matsalar inji ko kayan aiki. A fahimtata, abin da dokar ta damu da shi shi ne hayaƙin da ke tashi daga mota, ko ta salansa ya fito ko ta ƙarƙashin bonet. Motar da ringinta ya ci, aka kuma saki tiyonta waje, tana tafe tana turnuƙe mai babur da ke bayanta, ba ta da hujjar cewa salansarta fes take. Jami'an VIO na jiha su ma suna da ta cewa, tunda su ke duba mota su ba da takardar shaidar lafiyarta, kuma yoyon mai da hayaƙi suna cikin abin da mai dubawa ke kallo.

Doka ta biyu ta fi faɗi. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare iska da ruwa da ƙasa. A kan wannan turba aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da dokar 2007, ita kuma a 2011 aka fitar mata da ƙa'idoji na musamman kan hayaƙin motoci masu fetur da gas, waɗanda suka sa iyaka ga gurɓataccen abin da inji zai fitar, suka kuma tanadi gwajin hayaƙi. Gaskiya ba kowace rana ake tsayar da mutum a hanyar Illela ko ta Gusau a auna hayaƙin motarsa ba, amma ƙarancin aiwatarwa bai soke ƙa'idar ba.

Inda na fi damuwa shi ne baƙin man kansa. Sashe na 27 na dokar NESREA ya haramta zubar da abu mai haɗari a iska ko ƙasa ko ruwa da yawan da zai cutar, kuma a rubutun 2007 hukuncin mutum ɗaya ya kai tarar naira 1,000,000 ko ɗaurin shekara 5. Ba don ɗigon mota guda aka rubuta sashen ba. Amma garejin da ke juye man da aka sauke a kwata kullum ya kama hanyar faɗawa cikinsa, ga kuma ƙa'idojin tsafta da shara na 2009 da suka hana watsa shara a magudanan ruwa. Kwatocin gari idan damina ta sauka fadama suke nufa, inda ake noman albasa da shinkafa da ruwan Rima, inda dabbobi ke sha.

Me mai mota zai yi da ba zai saɓa wa doka ba, kuma injinsa ya zauna da tsabta? Akwai gwangwanin tare mai da ake sakawa a tsakiyar tiyon. Tururi ya shiga, man ya zauna a gindinsa, iskar ta wuce ta koma inji yadda kamfani ya tsara. Muddin ba a buɗe masa baki zuwa waje ba, ba abin da ke zuba a titi. Sai dai yana son kulawa. A zazzage shi duk lokacin juye, a kuma tabbata tiyonsa bai fi na asali ƙanƙanta ba, domin idan ya cika ko ya toshe, matsin zai koma ya fasa robobin mai. Mai sabuwar mota da garantinta bai ƙare ba ya tambayi dillalinsa tukuna.

Buɗaɗɗen tiyo kuwa a ƙasarmu yana da wata illa. Bakinsa jiƙe yake da mai, ƙurar hunturu tana manne masa, kuma ba mataci tsakaninsa da cikin inji. Ƙura ce babbar mai cinye ringi a nan, galibi ta hanyar matacin iskar da aka yi ta busawa ana mayarwa har ya huje.

Idan tururin ya yi yawa, gwangwani ba zai magance shi ba. A bar inji yana silo, a kwance murfin zuba mai a aza shi a bakin ramin ba tare da ɗaurewa ba. Ɗan rawa kaɗan ba komai. Idan yana tsalle yana faɗuwa, hayaƙi na bugowa a kai a kai, a je a auna matsin silinda. Injin gas da mai ya yi wa yawa a hanyar shan iska yana iya fara ƙona man nasa, ya yi ta ƙara gudu ko an kashe makulli, sai an toshe masa iska ko an sa babbar giya an danne birki an saki kuloci.

Abin da aka zazzage daga gwangwanin a haɗa shi da man juye a jarka mai murfi, a ajiye a inuwa nesa da rijiya, a miƙa wa masu sayen tsohon mai.