Waiwaye: Yadda Aka Gano Halittar Da Ke Haddasa Zazzaɓin Damina, Da Abin Da Ya Faru A Kankiya

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwantar da yara a wani asibiti na Katsina ko Daura tsakanin watan Agusta da Oktoba ya san irin abin da damina ke zuwa da shi bayan albarkar gona. Zai tarar da uwa rungume da yaro jikinsa kamar garwashi, tafin hannunsa ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, uban kuwa yana waje yana neman ɗan'uwan da za a ɗebi jininsa a ƙara wa yaron. Kakanninmu sun san wannan ciwo, wato zazzaɓin cizon sauro, tun fil azal, suna kiransa masassara ko jante, amma halittar da ke haddasa shi ba a gan ta da ido ba sai shekaru ɗari da arba'in da 'yan kai da suka wuce.

Masana suna kiran dangin wannan halitta furotozowa. Ƙwayar halitta ce guda ɗaya tal, amma tana ci, tana motsi, tana hayayyafa, kuma ta bambanta da bakteriya mai kawo taifod ko kwalara, ta bambanta da bairos mai kawo ƙyanda, haka nan ba tsutsar ciki ba ce, wadda ita ana iya ganinta da ido a bayan gida. Wannan bambanci yana da muhimmanci domin maganin da ke kashe ɗaya sau da yawa ba ya taɓa ɗaya. Wanda ya fara hango irin waɗannan halittu shi ne wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, da madubin ƙara girma wanda ya ƙera da hannunsa, kuma a 1681 ya ga mai haddasa wani nau'in gudawa a cikin bayan gidansa. A 1875 likita Fedor Lösch ya ga amiba a jikin wani mai atuni a Rasha, ita ce wadda ke shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta raunata hanji har a yi bayan gida da jini da majina, wani lokaci ma ta haura hanta ta tara ruwa a can.

Halittar da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro kuwa, a nahiyarmu aka gano ta. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ɗiga jinin wani soja mai masassara a gilashi ya ga abu yana motsi a ciki. Kafin wannan, Turawa sun ɗauka gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo ciwon, kuma kalmar maleriya ma abin da take nufi ke nan a harshen Italiya. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano halittar a cikin tumbin sauro a Indiya, daga baya masanan Italiya suka tabbatar da cewa macen sauro nau'in anofilis ce ke kai ta ga mutum. Idan ta yi cizo, ƙwayoyin sukan fara sauka a hanta su yi kimanin mako guda suna yawaita ba tare da mutum ya ji komai ba, sannan su fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini, su cinye su, su fasa su. Fashewar nan ce ke kawo rawar ɗari da zafin jiki, kuma ita ce ke zuƙe jinin yaro cikin 'yan kwanaki. Nau'in falsifarum, wanda ya fi yawa a ƙasarmu, yana iya toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yaro ya shiga jijjiga ko suma, abin da a gidaje da yawa har yau ake jingina wa iskoki ana ɓata lokaci da hayaƙi da shafe-shafe.

Magani ya riga wannan sani zuwa. Kwinin, wanda ake samu daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka, shi ne William Baikie ya riƙa ba mutanensa a tafiyarsa ta kogin Kwara da Binuwai a 1854, ya dawo ba tare da ko ɗaya ya mutu ba. Bayan yaƙin duniya na biyu kulorokwin ya karɓi ragama, kuma duk wanda ya tashi a shekarun 1970 da 1980 yana tuna ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu su kwana suna susa.

Abin da mutanen Katsina da yawa ba su sani ba shi ne, an yi wani muhimmin babi na wannan tarihi a ƙasarsu. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga doron ƙasa, kuma a ƙarshen shekarun 1960 aka zaɓi gundumar Kankiya domin gwaji: ana fesa maganin sauro na DDT a bangon ɗakuna, ana kuma raba wa jama'a ƙwayoyin magani, mai ciwo da mai lafiya. Cutar ta ragu, amma ba ta yanke ba. Daga 1969 zuwa 1976 aka sake wani gwaji mai zurfi a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, ba nisa da ƙasar Daura, sakamakon kuma bai sauya ba, domin sauron yankinmu yana da yawan cizo, wani kuma ba ya kwana a bangon ɗaki balle maganin ya same shi. Da aka daina feshi da rabon magani, ciwon ya koma gidan jiya. A ganina darasin Kankiya da Garki ya fi kowane jawabin taro amfani gare mu, domin ya nuna cewa aikin shekara biyu ko uku ba ya raba gari da cutar da kududdufi da kwata ke renonta kowace damina.

Daga baya ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin, har Nijeriya ta sauya zuwa haɗin maganin atimisinin a 2005, wanda masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta fitar daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970. A 25 ga Afrilu 2000 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin rage cutar, daga nan rabon gidan sauro mai magani ya bazu. A 2013 kuma Katsina ta kasance cikin wuraren farko a Nijeriya da aka fara bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya sau ɗaya a wata a tsawon damina. Duk da haka, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Nijeriya suke.

Abin da ya fi damuna shi ne, bayan duk wahalar da aka sha kafin a iya ganin wannan halitta, mun koma shan magani ba tare da an duba ba. Mutum ya ji jikinsa ya yi zafi sai ya nufi kemis ya ce a haɗa masa na maleriya da taifod, ya sha kwana ɗaya, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran domin wani yaron, alhali ƙa'idar maganin kwana uku ce cur, kuma irin wannan rabin sha yana cikin abubuwan da ke koya wa ƙwayar cuta jure magani. Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamakonsa yana fitowa cikin minti 15 zuwa 20 a ƙaramin asibitin unguwa. Allurar rigakafin cutar ta fara shiga jadawalin yara a Nijeriya a Disamba 2024, daga jihohin Kebbi da Bayelsa, kuma ko inda ta isa, likitoci suna cewa a ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kuma kai yaro gwaji tun ranar da zazzaɓi ya fara.