Shara, wanki da daka: ana lissafa su a motsa jiki in ana son rage ƙiba?

Wannan maganar ta fi fitowa daga bakin matan da suka ɗaura ɗamarar rage ƙiba, musamman waɗanda suka sauke manhajar ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, irin su MyFitnessPal, suna rubuta duk abin da ya shiga bakinsu. Mace tana tsaye tun asuba, ta yi shara ta yi wanki ta ɗora tukunya sau uku, dare ya yi ta buɗe waya manhajar ta nuna mata wai yau ba ta motsa ba ko kaɗan. Dole abin ya sosa rai. Toh bari mu bi tambayoyin a hankali, kuma maza masu wanke mota da faskare da ɗiban ruwa ku ma da ku ake.

Wai aikin gida motsa jiki ne ko kuwa?

Motsa jiki ne, babu ko tantama, tsokar jiki ba ruwanta da ko a gidan jim kike ko a bakin rijiya, in dai ta yi aiki sai ta ci makamashi. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, kuma ta ce aikin gida da na wurin sana'a da tafiyar ƙasa duk suna shiga ciki. Akwai ma wani babban bincike da ake kira PURE da ya fito a mujallar Lancet a 2017, an bibiyi mutum kusan 130,000 a ƙasashe 17, aka ga masu yawan motsi sun fi tsira daga ciwon zuciya da mutuwar wuri, ko da kuwa motsin nasu na aiki ne ba na wasanni ba. Saboda haka duk wanda ya ce miki wankin da kika wuni kina yi ba komai ba ne, bai faɗi daidai ba.

Sai dai abubuwa biyu ne ake cakuɗawa a nan. Amfanin aikin ga lafiya daban, yadda za ki saka shi a lissafin kalori kuma daban, kuma a na biyun ne mutane suke faɗawa rami.

Toh kenan in rubuta shi a manhaja, ta ƙara min abin da zan ci?

A'a 'yar uwa, aikin yau da kullum kar ki rubuta shi, domin an riga an lissafa miki shi ba ki sani ba. Ki tuna ranar da kika buɗe manhajar, bayan ta tambayi shekarunki da tsayinki da nauyinki, ta tambaye ki yanayin rayuwarki, mai yawan zama ce ke ko mai ɗan motsi ko mai kai-komo sosai. Abin da take yi shi ne ta fara ƙiyasta kalorin da jikinki zai ƙona ko da kwance kika wuni, wato na numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, wanda shi ne kaso mafi tsoka, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ga yawancin mutane, sannan sai ta ninka shi da wani adadi gwargwadon amsar da kika bayar. A lissafin da aka fi amfani da shi mai yawan zama ana ninkawa da 1.2, mai ɗan motsi 1.375, matsakaici 1.55.

Misali a ce na kwanciyarki 1,400 ne. In kin zaɓi mai yawan zama za ta ba ki 1,680, in kin zaɓi mai ɗan motsi za ta ba ki 1,925. Wannan ƙarin 245 ɗin na mene ne? Na sharar nan ne da wanke-wanken nan da bin yara da hawa bene. In kika zaɓi mai ɗan motsi kuma kika koma kina rubuta shara minti 30, girki awa ɗaya, guga minti 40, kin ƙirga abu ɗaya sau biyu kenan, manhajar za ta ce miki kina da rarar 300 ko 400, ki ci da zuciya ɗaya, wata ya ƙare ki hau sikeli ki ga allura ba ta gusa ba, sai ki fara zargin jikinki ko ki ce maganar kalori duk ƙarya ce, alhali lissafin ne aka tafka sau biyu.

Akwai kuma wata magana da nake so ki riƙe. Aikin da kike yi yau shi kike yi bara, da shi jikin ya kai nauyin da yake yanzu. Abin da kika saba ba zai zo ya sauke miki kilo ba, sai an canza wani abu, ko a kwano ko a motsi.

Kalori nawa shara ko wanki ke ƙonawa takamaimai?

Masana suna da wani ma'auni da suke kira MET. MET ɗaya shi ne abin da jiki ke ƙonawa a zaune shiru, kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyinki a awa ɗaya. Akwai jadawalin da Barbara Ainsworth da abokan aikinta suka fara fitarwa a 1993, ana ta sabunta shi, a ciki guga da wanke kwanuka a tsaye suna kusa da 2, shara da mopin wajen 3 zuwa 3.5, wankin hannu wajen 4. Daga 3 zuwa ƙasa da 6 shi ake kira matsakaici.

Mu ɗauki mace mai kilo 70 ta yi shara minti 30 ba tsayawa. A ce MET ɗin sharar 3.3 ne, sau kilo 70 sau rabin awa, ya ba mu wajen 115. Amma ko zama ta yi a rabin awar nan za ta ƙona 35, kenan ribar sharar 80 ce kawai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori wajen 120 ne. Ki kalli yadda ake tsiyaya mai a shinkafa da wake ko a ɗanwake, ba cokali ake awo da shi ba, kwalba ake karkatawa har sai ya kwanta a gindin kwano. Lemon kwalba mai 50cl kuma ya haura 200. Wankin hannu na awa guda cur, irin wanda ake durƙusawa gaban baho ana cuɗa zannuwan gado ana matsewa ana shanyawa, shi ya fi tsoka, ribarsa za ta kai wajen 200 ga mai kilo 70, in dai da gaske awa ɗin aka yi ana cuɗawa.

Kuma nan ne matsalar, ba kasafai ake yin awar cur ba. Kin ce kin yi girki awa biyu, amma a ciki nawa ne na tuƙa tuwo da muciya, nawa ne na zama kan kujera 'yar tsugunne kina gyaran kayan miya ko jiran ruwa ya tafasa? Tuƙin da ke sa hannu ya yi tsami bai fi 'yan mintoci ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa ana ƙiyasta shi da kalori wajen 7,700, sai ki auna da kanki.

Amma wallahi ni gajiya nake yi liƙis, gumi har tsiyaya yake, ta yaya za a ce kaɗan na ƙona?

Gajiyarki gaskiya ce, ban raina ta ba ko kaɗan. Amma gajiya tana zuwa daga wurare da yawa, doguwar tsayuwa, sunkuyo da gajeriyar tsintsiya har baya ya ƙage, rashin isasshen barci, hayaniyar yara, zafin murhu. Duk waɗannan suna galabaitar da mutum ba tare da sun ƙona wani kalori mai yawa ba. Gumi kuma ruwa ne jiki ke fitarwa don ya huce, a watan Afrilu ko zama kika yi a ɗaki ba fanka sai kin jiƙe sharkaf, kina shan ruwa nauyin ya dawo.

A 2013 Marie Murphy da abokanta a Jami'ar Ulster sun duba bayanan mutum sama da 4,500 a Ireland ta Arewa, suka ga waɗanda suka fi dogara da aikin gida a matsayin motsa jikinsu sun fi sauran nauyi. Bayanin da suka kawo shi ne ko dai mutane suna zuzuta ƙarfin aikin, ko kuma suna cin abin da ya zarce wanda suka ƙona. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun ne, don kowa ya san irin yunwar da ake ji bayan wanki, da irin yadda zuciya ke cewa ai yau na wahala bari in ƙara.

Agogon hannu mai ƙirga taku ma kar ki miƙa masa wuya gaba ɗaya. A 2017 an gwada irinsu guda bakwai a Jami'ar Stanford, bugun zuciya yawancinsu sun auna da kyau, amma wajen kalori wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Balle kuma a daka ko wanki inda hannu ke ta kaɗawa.

Iyayenmu na ƙauye fa? Surfe, daka, jan ruwa, ga su ba tumbi. Ba aikin ne ya hana su ƙiba ba?

Aikin yana da nasa rabon, ya ba su ƙarfin hannu da ƙashi da zuciya, tsohuwa mai shekara sittin ta ɗaga taɓarya ta yi lugude budurwa ta kasa. Amma wajen nauyi abin ya ba masu bincike mamaki. Masana daga Jami'ar Loyola ta Chicago, ciki har da Amy Luke, sun kwatanta matan ƙauye a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata na yankin Chicago a Amurka, sakamakon ya fito a 2008. Na Amurka sun fi nauyi nesa ba kusa ba, amma da aka daidaita da girman jiki sai aka ga kalorin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa ta hanyar motsi bai wani bambanta ba. A 2012 Herman Pontzer ya samu makamancin haka a wurin 'yan ƙabilar Hadza mafarauta a Tanzaniya, masu yin tafiyar kilomita da yawa kullum. Wato jiki yana da dabarar tsimi, in aka matsa masa da aiki sai ya rage kashewa ta wani gefen, wani bincike na 2021 ma ya ƙiyasta cewa kusan kashi 28 na abin da motsi ya ƙona jiki yana rama shi ta haka. Babban bambancin yana cikin kwano, tuwon dawa da miyar kuka mai ɗan mai ba ɗaya suke da soye-soye da lemo da biskit da shayi mai siga cokali huɗu ba.

Toh babu wani aikin da ya cancanci a rubuta?

Akwai, wanda ba kullum ake yinsa ba kuma mai ƙarfi ne. Gyaran gida na jajibirin sallah da ake fitar da kujeru a wanke ɗaki tas, tarewa a sabon gida, daka na biki, ranar da ruwa ya ɗauke kika yi ta jigilar jarka. Alamar da za ki gane ya kai matsakaici ita ce numfashinki ya ƙaru, kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, in kuwa haki ya hana ki haɗa jimla toh kin shiga mai ƙarfi. Ko irin wannan ɗin in kin rubuta, shawarata kar ki cinye abin da manhajar ta ƙara miki duka, rabi ya isa.

In na samu 'yar aiki ko na sayi injin wanki fa, akwai abin da zai canza?

Sosai ma. Wannan ƙananan motsin na wuni da ba wasanni ba, masana suna ce masa NEAT, kuma James Levine na asibitin Mayo ya nuna ƙarfinsa a 1999. Ya ɗura wa mutum 16 ƙarin kalori 1,000 kullum har sati takwas, wasu suka tara kitse kusan ninki goma na wasu, kuma waɗanda ba su tara ba su ne jikinsu ya ƙara yawan motsi, tashi, tsayuwa, zirga-zirga. Shi ya sa za ki ga mace ta koma gidan da komai na inji ne, ga mai aiki ga mota, cin ta bai canza ba amma kaya sun fara matse ta. In rayuwarki ta koma haka sai ki shiga manhajar ki sauke matakin zuwa mai yawan zama.

A aikace yanzu me zan yi?

Ki zaɓi mataki ɗaya da gaskiya. Mai yara ƙanana da ke aikinta da kanta, mai ɗan motsi ya dace da ita, mai jan ruwa da daka kullum za ta iya hawa matsakaici. Daga nan ki manta da rubuta shara da girki, ki maida hankali kan awon mai da siga da girman malmala. Ki riƙa hawa sikeli da safe kafin karin kumallo, ki duba inda ya dosa bayan sati uku, ba na kwana ɗaya ba don ruwan jiki yana hawa da sauka musamman kusa da al'ada. In yana sauka wajen rabin kilo a sati lissafinki yana kan hanya, in ya tsaya cak sai ki rage kaɗan ko ki ƙara motsi sabo wanda jikin bai saba ba, tafiya da sauri minti 30 ko a tsakar gida ce, shi wannan za ki iya rubutawa.

Mai juna biyu ba lokacin rage ƙiba ba ne. Mai shayarwa jikinta na buƙatar ƙarin kalori ɗari uku zuwa biyar a rana don nono, kar ta matse kanta. Mai ciwon siga da ke shan magani ko allurar insulin kuma ta fara ganin likita kafin ta rage abinci, don sigan zai iya faɗuwa ƙasa tana tsaka da aiki.