Waiwaye: Daga ina ja-in-ja kan fashewar hasken gama ya faro?

Tun fashewar hasken gama (wato walƙiyar haske mafi ƙarfi da ke zuwa daga can cikin sararin samaniya) ta ranar 9 ga Oktoba, 2022, wadda ba a taɓa auna mai ƙarfinta ba, masana ke ja-in-ja kan ko lissafin da ake bayanin ragowar hasken irin wannan fashewa, wato hasken da ke ci gaba da dusashewa bayanta, da shi ya fara gazawa. Maganar ta iso har cikin ɗaliban fiziks a nan Sakkwato, inda wasu ke ganin kamar dare ɗaya aka tashi da matsalar. Tushenta ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. Taurarin ɗan adam na Amurka masu suna Vela, da aka harba don sa ido kan gwajin nukiliya, su suka fara jin fashewar a 1967, aka bayyana wa duniya a 1973. Shekaru sama da 20 ana gardama kan nisanta, har tauraron ɗan adam BeppoSAX na Italiya da Holan ya kama ragowar haskenta na eksire a ƙarshen Fabrairun 1997, madubin hangen nesa kuma ya gan shi daga ƙasa.

Wurin da aka fi tsallakewa shi ne fashewar 8 ga Mayu, 1997. An fi tunawa da ita don madubin hangen nesa na Keck da ke Hawayi ya tabbatar da cewa daga nisan biliyoyin shekarun tafiyar haske ta fito. Amma bayan kwanaki kaɗan masanin taurari Dale Frail da abokan aikinsa sun kamo ta a igiyar rediyo da VLA, jerin faya-fayan kama igiyar rediyo da ke Amurka, suka ga ƙarfinta na hawa da sauka ba tsari. Duk wanda ya kwana a tsakar gida lokacin bazara ya san taurari na ƙiftawa, Zara kuwa haskenta a tsaye yake, don ta fi su faɗi a ido. Haka nan iskar gas da ke tsakanin taurari ke sa ƙaramin abu ƙiftawa a rediyo. Bayan kimanin wata ɗaya ƙiftawar ta lafa, alamar cewa abin da ke fitar da igiyar ya buɗe. Da wannan aka kimanta girmansa, aka tabbatar yana faɗaɗa da gudun da ya kusa na haske. Ba su tsaya nan ba, suka bi shi kwana 450, har ƙarfinsa na gaskiya ya fito ƙasa da yadda aka zata, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa fashewar na feso wuta ne ta siririyar hanya.

A ganina haƙurin nan shi ya ba lissafin ƙafar tsayawa. Bayan harba tauraron ɗan adam Swift a 2004 hankali ya karkata ga mintunan farko, inda eksire da hasken ido suke da ƙarfi, rediyo mai cin watanni kuma ba kowace fashewa ke samun mai binta ba. To, da ta 2022 ta zo, na'urar LHAASO a Sin ta kama haske mai tsananin ƙarfi, igiyar rediyon fashewar kuma ta fi abin da lissafin ya yi hasashe. Tushen ja-in-jan ke nan: fashewar da aka bi rediyonsu tsawon lokaci, waɗanda za a gwada ta da su, ba su da yawa.