Platanthera leucophaea

Platanthera leucophaea fure ne daga dangin okid da ke fitowa a dausayi da filayen ciyawa masu damshi na Arewacin Amurka, musamman jihohin Illinois, Michigan, Ohio da Wisconsin, da lardin Ontario na Kanada. Gwamnatin Amurka ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana a 1989, bayan an janye ruwan yawancin filayensa an mai da su gonaki.

Karansa ɗaya ne tal, tsayinsa daga santimita 20 zuwa 100. A samansa furanni farare ke jeruwa, daga 5 zuwa 40, leɓen kowanne, wato ganyen furen na ƙasa, ya rabu uku, bakinsa a tsattsage kamar geza. Yana buɗewa daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, ya yi kwana 7 zuwa 10.

Wahalar wannan fure tana wajen haihuwa. Da dare yake ƙamshi, kuma ruwan zaƙinsa na can ƙasan wani siririn bututu da ke bayan furen. Ba mai kaiwa gare shi sai faɗa-wuta mai dogon baki na dangin Sphingidae, wanda garin furen ke manne masa ya kai wa wani furen. Idan fili ya ƙanƙance ya rabu da sauran, ƙwaron ba ya zuwa sosai, iri ya yi ƙaranci. Shi ya sa a Illinois masu aikin sa-kai ke yin barbarar da hannu: su ɗauko ƙullin garin da tsinken sakace, su shafa wa furen wani tushe daban.

Irin kuwa kamar ƙura yake, ba shi da abincin ajiya. Ba zai tsiro ba sai ya gamu da wani fangas (halitta irin ta fumfuna) na cikin ƙasa da zai ciyar da shi, sannan ya shekara da dama kafin ya yi fure. Wanda ya tono shi ya kai lambu, kusan kashe shi ya yi.

Yana son rana tsantsa. Idan aka bar fili ba ƙuna ba sassabe, itatuwa da baƙin ciyayi su rufe shi. Ƙunar kuma sai lokacin da tsiron ke kwance a ƙasa. Idan aka makara har ya leƙo, wuta ta cinye furen shekarar. Barewa ma na cin karan, don haka ake kewaye shi da ragar waya har kwanson iri ya nuna.